Kifayen Nazira a Hannun Mahauci

Ni mahauci ne ɗan mahauci, shekara talatin da ɗaya ina tsaye bayan tebur ɗaya a babbar kasuwar Garwa. Ka tambayi kowa a layin 'yan nama wane ne Muntaka, abu biyu zai faɗa maka: zuciyarsa a kusa take, kuma ƙuda ba ya samun wurin sauka a teburinsa. Na biyun nake taƙama da shi. Mutane sun saba kallon mahauta a matsayin ƙazamai, ni kuwa na ɗauki wannan kallon da zafi tun ina saurayi. Kullum kafin in tashi daga kasuwa sai na kankare katakon sara, na wanke shi da sabulu, na bi shi da jabel, ruwan bilicin nan mai kashe ƙwayar cuta, na shanya wuƙaƙe a rana. Duk abin da ya yi yauƙi ko ya canza launi, ni da shi ba ma kwana wuri ɗaya.

Kifayen kuwa na Nazira ne, autarmu, mai karatun aikin awon jini. Shekara biyu da suka wuce ta shigo mana gida a unguwar Pumpumre da akwatin gilashi, ta ajiye shi a lungun falo inda rana ba ta kaiwa, ta zuba tsakuwa da ciyawar ruwa, ta saka wani ɗan inji mai soso a ciki wanda ke tace ruwan yana fitar da kumfa. Ranar na yi dariya har da riƙe ciki. A garin da ake kawo giwan ruwa daga tafkin Lagdo sai ƙarti biyu sun ɗauka, 'yata ta rasa abin kiwo sai kifin da bai cika cokali ba. Su tara ne, kowanne da sunansa. Babban cikinsu, mai ruwan lemo, ta sa masa Prefe, wato shugaban gunduma, saboda yadda yake zagaya akwatin yana duba kowa kamar an ba shi gundumar. Akwai wani baƙi wuluk, Gawayi. Akwai Madam mai doguwar wutsiya. Sauran ban taɓa riƙe sunayensu ba.

Tsakanina da yarinyar nan akwai abu ɗaya: ban taɓa yi mata ƙarya ba, ko irin ta lallashin yara. Tana shekara biyar ta tambaye ni ina ragon da take ba wa dusa ya tafi, na ce mata shi ne a kwanonta. Ta yi kuka yini guda, uwarta Salamatu ta yi mini faɗa, amma tun daga nan maganata a wurin Nazira ba ta buƙatar shaida. Na san haka, kuma ina jin daɗinsa fiye da yadda zan iya faɗa.

A watan Maris, lokacin da zafin Garwa ke sa kwalta laushi, makarantarsu ta tura ta Ngaundare aikin koyo na wata biyu. Da safen da za ta tafi ta tsayar da ni gaban akwatin.

"Baba, kai zan bar wa su. Inna tana tsoron duk abin da waya ta shiga ruwa. Kai kuma in ka ce za ka yi abu, ka yi shi."

"To, Hajiyar kifi, ina jin ki."

Ta fara bayani. Ta nuna mini gwangwanin abincinsu, ta ɗebo da yatsu biyu, ta ce iyakar ke nan, sau ɗaya a rana. Tana cikin maganar ruwa da soso wayata ta yi ƙara, wani dillalin shanu ne daga garin Gidar, muka shiga musu a kan wani bijimi. Da kunne ɗaya nake jin ta, ina gyaɗa kai. Da na gama ta riga ta manna wata takarda a bango, rubutu cike da ita daga sama har ƙasa, da Faransanci.

"Komai yana nan, Baba. Ka gane?"

Faransancina na kasuwa ne: kilo nawa, da ƙashi ko ba ƙashi. Allo na yi, ban yi boko ba. Nazira ta saba ganina ina amsa wa matan ma'aikata da yarensu, ta ɗauka karatun ma haka ne, ni kuma ban taɓa gyara mata zato ba. Na kalli takardar kamar mai karantawa, na ce na gane.

Kwana uku ina ba su abincin gwangwanin nan. Wani abu ne fale-fale mara nauyi, iska ma kwashe shi take. Da na zuba, kafin in rufe gwangwanin sun cinye, su dawo jikin gilashi suna buɗe mini baki. Raina ya ƙi kwanciya. A gidan mahauci, a ce akwai mai rai da ke kallona da yunwa? Ko kyanwar maƙwabta ba ta barin ƙofarmu haka nan. Rana ta huɗu na yanko hanta mai kyau, ta saniyar da aka yanka da asuba, na daddatsa ta lilis da bakin wuƙa, na zuba musu.

Ka ga rububi! Prefe ya manta da girmansa, ya shiga kokawa da ƙanana. Na kira Salamatu ta zo ta gani.

"Malam, haka ta ce a ba su?"

"Ita yarinya ce, me ta sani a kan ciyarwa? Dubi yadda suke ci. Kafin ta dawo sai sun ninka."

"Ni dai da ka buga mata ka tambaya."

"In tambayi 'yar da na haifa yadda ake ba dabba abinci?"

Ta koma madafa. Ni kuma na ci gaba, safe da yamma, wata rana hanta, wata rana ɗan tsoka, har da kitse-kitse. Abin da ba su cinye ba yakan nutse cikin tsakuwa, ban damu ba, na ce in yunwa ta taso musu sa tono.

Cikin mako guda ruwan ya yi fari-fari kamar an wanke shinkafa a ciki, ya kuma fara wani ƙarni da hancina ya sani sarai. Na buɗe ɗan injin nan na ciro soson. Subhanallahi! Ya yi ƙasa-ƙasa, yauƙi na bin yatsuna. Na ce ashe yarinyar nan da duk karatun asibitinta ƙazama ce, shekara biyu tana kiwon kifi a kan wannan datti. Ranar Talata na baro kasuwa da wuri. Na kwashe kifayen a roba, na zubar da ruwan kaf, na fito da akwatin tsakar gida na yi masa irin wankin da nake yi wa teburina. Gilashi, tsakuwa, inji, duk sun sha sabulu. Soson kuwa na jiƙa shi a jabel har ya dawo fari tas, na ɗauraye, na shanya a kan igiya. Na cika akwatin da ruwan famfo sabo, na mayar da kifayen. Ruwan ya yi garau, har ka rantse babu komai a ciki. Na tsaya ina kallon aikina, ina ayyana yadda Nazira za ta yaba.

Washegari ba wanda ya zo jikin gilashi. Duk sun taru a sama, baki a buɗe a saman ruwa, suna haki. Fukafukansu sun manne da jiki. Ƙarƙashin kumatun Prefe, inda yake numfashi, ya yi ja jawur. Na zuba hanta, ko kallonta ba su yi ba. Ranar Alhamis ruwan ya sake yin fari. Ranar Juma'a da na dawo daga masallaci na tarar da Madam kwance a gefe ɗaya a kan tsakuwa, doguwar wutsiyar nan ta yi laƙwas.

Na yanka shanun da ban san adadinsu ba, hannuna bai taɓa rawa ba. Amma da na ɗora kifin nan a tafina, ɗan abin da bai kai yatsana ba, sai na ji gumi ya keto mini. Na naɗe shi a takarda na binne a gindin lemon tsakar gida. Ina wanke hannu wayata ta yi ƙara. Kowace Juma'a bayan la'asar take kira.

Muka gaisa, ta ba ni labarin sanyin Ngaundare da wata shugabarsu mai tsanani. Sannan ta ce, "Baba, ina mutanena? Prefe yana nan yana mulki?"

Na kalli akwatin. Takwas suna haki a sama.

"Suna nan lafiya lau," na ce.

"Na sani ai. Shi ya sa na bar maka su."

Salamatu tana tsaye a ƙofar falo da tsintsiya a hannu. Ban iya haɗa ido da ita ba. Na gaya wa kaina ƙaryar kwana biyu ce, zan gyara abin, kifi ɗaya ba zai sa in tayar wa yarinya hankali tana cikin karatu ba. Gyaran da na sani kuwa ɗaya ne. Tunda ruwan ya sake ɓaci, wankin ne bai isa ba. Ranar Asabar na maimaita, har na ƙara jabel.

Zuwa Litinin uku sun bi Madam. Waɗanda suka rage jikinsu ya feso da ɗigo-ɗigo farare kamar an barbaɗa musu gishiri, suna goga jiki da tsakuwa. Na zauna gabansu na rasa abin yi, kuma ni in na rasa abin yi, wanda zan ɗora wa nake nema. Idona ya faɗa kan gwangwanin abincin. A jikinsa akwai hatimin shagon da Nazira ke sayayya, shagon wani Jérémie a hanyar Yalwa, mai sayar da kifayen ado da abincin tsuntsaye. Nan take na yanke hukunci: kifinsa masu ciwo ne tun asali, abincinsa kuma ruɓaɓɓe. Na tare mai babur.

Shagon ɗan ƙarami ne, akwatunan gilashi jere har rufi, fanka na juyawa. Jérémie siriri ne mai furfura a gemu, yana cikin kamo wa wasu miji da mata kifi da 'yar raga. Ban yi sallama ba. Na dangwarar da gwangwanin a kan kantarsa.

"Kai ne mai cutar 'ya'yan mutane? Ka sayar wa yarinya kifi masu ciwo da abincin da ya lalace, tana juya baya suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya!"

Ya ajiye ragar, ya gaishe ni da Fulatanci. "Jam na, Alhaji. Wace yarinya?"

"Nazira! Kar ka yi mini kamar ba ka san ta ba!"

"Na san ta sosai. Kifinta shekara biyu suna wurinta. Me aka canza a gidan?"

"Ba abin da aka canza!"

"Ruwa fa? An taɓa filtir, ɗan injin nan mai soso?"

"Na ce maka ba a taɓa komai ba! Ni za ka yi wa tambayoyin 'yan sanda?"

Muryata ta mahauci ce, an yi ta don ta tsallake hayaniyar kasuwa. Masu wucewa suka fara leƙowa. Matar nan ta ja hannun mijinta, suka sulale ba su ɗauki kifin ba. Jérémie ya bi su da kallo har suka fita, sannan ya mayar da kifin da ya kamo cikin ruwa. Na jira ya rama in samu abin kamawa, bai rama ba. Ya ɗauki wata 'yar jaka, ya jawo ƙofar shagon.

"Mu je in gan su, Alhaji. In laifina ne, a gaban mutanen nan zan faɗa."

A falonmu ya durƙusa gaban akwatin ya daɗe yana kallo. Ya ɗebi ruwan a 'yar kwalba, ya ɗiga wani magani, ya girgiza. Ruwan ya rikiɗe ya koma kore shar. Ya ɗaga kwalbar kusa da wani kati mai launuka, ya yi tsaki a hankali.

"Wannan ruwan guba ne. Kashinsu da ruɓaɓɓen abinci ne suka taru, ba abin da ke cinye su. Shi ke ƙona musu wurin numfashi. Farin ɗigon nan daga baya ya zo, don jikinsu ya yi rauni."

"Ruwan da na..." Na kama bakina.

Ya buɗe injin ya ciro soson, fari fat. Ya kai hanci, ya yi saurin kau da kai. Sannan ya tura yatsa cikin tsakuwa ya tono wani ɗan abu baƙi-baƙi, ya murza.

"Wannan mene ne?"

Daga bayan labule muryar Salamatu ta fito, a sanyaye. "Malam, ka faɗa masa hantar. Ka faɗa masa wankin. Bawan Allah ya rufe shagonsa ya biyo ka."

Na faɗa. Ban san yadda kalmomin suka fito ba, amma na faɗa duka, hanta, kitse, sabulu, jabel, ruwan famfo, sau biyu. Jérémie bai yi dariya ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Ya ɗaga kai ya ga takardar bango, ya miƙe ya karanta, yana juya mini da Hausa layi-layi kamar bai lura da abin da hakan ke nufi ba. Kada a ba su komai sai abincin gwangwani. Kada a canza ruwa duka, kashi ɗaya cikin huɗu kawai, da ruwan da aka ɗiga wa maganin da ke cikin aljihun tebur. Kada a wanke soso da sabulu ko ruwan famfo, har abada, a matse shi kawai a cikin tsohon ruwan akwatin. An ja layi biyu a ƙarƙashin wannan. A ƙarshe ta rubuta lambar wayar Jérémie, ta ce in an ga wani abu a kira shi, mutumin kirki ne.

Mako biyu da rabi takardar nan tana saman kaina ina aikina. Na ji kunya irin wadda ban ji ba tun ina yaro, har kunnuwana suka yi zafi. Duk da haka bakina bai mutu ba.

"Amma soson datti ne ya cika shi! Da idona na gani, yauƙi ne!"

"Yauƙin shi ne maganin, Alhaji. Wasu ƙananan halittu ne ke zaune a ciki, ido ba ya ganinsu, su ke cinye gubar. Shekara biyu Nazira tana kiwonsu tare da kifin. Jabel ya kashe su rana ɗaya." Ya ga ban gamsu ba, ya ɗan yi tunani. "Kai da kake hulɗa da masu shanu. In saniya ta sha magani da yawa ta daina tuƙa, me Fulani ke yi mata?"

Wannan na sani. Na sha gani a kasuwar shanu. Sukan sa hannu a bakin lafiyayyar saniya su ciro abin da take tuƙawa, kore mai wari, su tura wa marar lafiyar, bayan kwana biyu cikinta ya tashi. Na buɗe tumbi ya fi dubu, na san abin da ke cikinsa ba ƙazanta ba ce kawai, da shi dabba ke narkar da ciyawa. Na zauna a hannun kujera.

"Haka za mu yi," in ji shi. "Zan ba ka tsohon soso daga akwatina. Wannan naka a jefar."

Ya nuna mini sauran aikin da hannunsa. Muka ɗebe rabin ruwan da ɗan tiyo, muna zuƙo ruɓaɓɓiyar hanta daga cikin tsakuwa. Ya ɗiga maganin nan na aljihun tebur a bokitin ruwan famfo, ya taɓa ruwan da bayan hannu ya tabbatar zafinsa ɗaya da na akwatin, sannan ya zuba a hankali ta gefen gilashi. Ya ce kullum in canza kashi ɗaya cikin uku haka, kada in ba su abinci kwana uku ko sun roƙe ni, in sa ɗan gishiri iya yadda ya auna mini, in an ɗauke wuta in riƙa ɗiban ruwan da kofi ina tsiyayawa daga sama don iska ta shiga. Ya ce in wanke hannuna da ruwa zalla kafin in taɓa komai nasu.

Na raka shi shagon. Da ya buɗe ƙofa na tsaya a bakin shagon da na yi ihu a ciki ɗazu, na ɗaga murya na ce jama'a su shaida, mutumin nan ba shi da laifi, ni ne na kashe kifin 'yata da hannuna. Mai gyaran taya na gefe ya ɗago ya kalle ni ya koma kan aikinsa. Miji da matar nan kuwa sun daɗe da tafiya, ban san su ba, ban san inda zan same su in warware abin da na faɗa ba. Jérémie ya ciro soso daga akwatinsa, baƙi-ƙirin, yana ɗigar da yauƙi, ya sa a leda da ɗan ruwa ya miƙo mini. Na karɓa da hannu biyu.

Kafin in juya na rage murya. "Malam Jérémie, huɗun da suka mutu, ba ka da irinsu? Masu kama da su sak. In zuba kafin ta dawo."

Ya dube ni. "Ruwan ba zai ɗauki sabon baki ba yanzu, za su bi 'yan'uwansu ne. Kuma Alhaji, kai in an canza maka saniya a garke ba za ka gane ba? Ita kullum tana kallonsu. Ka buga mata waya kawai."

Na ce to. Ban buga ba.

Na yi jinyar kifayen nan yadda ban taɓa jinyar kowa ba. Ina baro tebur da rana tsaka in zo in canza ruwa, abokan sana'a suna tsokanata wai Muntaka ya koma Sarkin Ruwa. Ranar da aka ɗauke wuta tun daga hantsi har la'asar, ina tsugune da kofi ina tsiyaya ruwa, riga ta jiƙe sharkaf. Duk da haka wani ƙarami ya tafi a kwana na biyu. Prefe ya yi ta fama har kwana shida. Ya daina zagaye, ya maƙale a bayan ciyawa yana numfashi da ƙyar, ina leƙa shi ina kiran sunansa kamar zai amsa. Da safen Lahadi na same shi a sama, ciki a waje. Na fita da shi gindin lemo, na daɗe a tsugune bayan na rufe ramin.

Saura uku: Gawayi da wasu ƙanana biyu. Bayan mako biyu Jérémie ya zo ya auna ruwan, ruwan kwalbar ya tsaya rawaya bai koma kore ba. Farin ɗigon ya ɓace, suka fara zuwa jikin gilashi. Soson ya yi ƙasa-ƙasa, hannuna na ƙaiƙayi in na kalle shi, ina zama a kan hannun.

Juma'a biyar Nazira ta ƙara kira. Kowace Juma'a ina shirya maganar tun daga masallaci, in ta ce "ina mutanena" sai in haɗiye maganar. Ta farko na ce kada in ɓata mata jarrabawa. Ta biyu na ce bari ukun su warke tukuna. Daga nan kuma ba kifin nake ɓoyewa ba, Juma'o'in baya nake ɓoyewa. "Suna nan," nake cewa, in yi sauri in miƙa wa uwarta wayar. Salamatu ta ce mini ita ba za ta tona ni ba, ba kuma za ta taya ni ba, in Nazira ta tambaye ta kai tsaye za ta faɗa. Nazira ba ta tambaye ta ba, tunda ni na riga na amsa.

Ta dawo ranar wata Laraba da azahar, da jaka a kafaɗa da buhun dankali na tsaraba. Ta gaishe mu a tsakar gida, ta sha ruwa, ta wuce falo tana cewa, "Prefe, shugaba, na dawo!" Na bi bayanta. Ta durƙusa gaban akwatin. Na ga leɓɓanta suna ƙirga. Ta leƙa bayan ciyawa, ta leƙa bayan inji, ta sake ƙirgawa.

"Baba?"

Na zauna a ƙasa kusa da ita, abin da ban taɓa yi ba, na faɗa mata komai. Hantar, jabel ɗin, ihun da na yi wa Jérémie, har da cewa ban iya karanta takardarta ba. Da na zo nan ta juyo da sauri, idonta ya ciko.

"Wayyo Baba, ai da ka faɗa mini. Ni ce da laifi, ban yi tunani ba. Da na karanta maka."

Na ji wani sanyi, na ɗauka mun tsallake. Ta share ido da gefen mayafi, ta koma kallon ukun. Can ta ce, "Yaushe na farkon ya mutu?"

"Juma'a ta biyu da tafiyarki."

"Da safe ko da yamma?"

"Bayan masallaci."

Na ga tana lissafi. "Ranar na kira ka."

"Kin kira."

"Saura takwas a lokacin."

"Takwas."

"Da ka ce mini ɗaya ya mutu, Baba, tambaya biyu zan yi maka in ce ka tsaya. Minti biyu." Ba ta ɗaga murya ba. "Sauran Juma'o'in fa?"

Ban ƙirƙiro mata wata ƙaryar ba. Ta jira kaɗan, sannan ta miƙe, ta buɗe gwangwanin, ta ɗebo da yatsu biyu ta zuba wa ukun, ta ɗauki jakarta ta shiga ɗaki. Ba ta yi mini rashin kunya ba, ba halinta ba ne. Da la'asar ta fito ta kawo mini shayi kamar kullum, ta ce ruwan ya yi kyau, na yi ƙoƙari.

Bayan kwana huɗu muna zaune a inuwar tsakar gida mu uku, na taso daga tabarma sai jiri ya ɗan ɗebe ni, na dafa bango. Na tsaya a rana da yawa a kasuwar shanu ne, ba wani abu ba. Nazira ta ajiye tiren shinkafar da take tsincewa.

"Baba, lafiya? Kana shan maganin hawan jininka kuwa?"

"Ina sha, kullum da safe. Rana ce kawai."

Gaskiya na faɗa, ko kwana ɗaya ban tsallake ba. Ta dube ni, ta gyaɗa kai cikin ladabi. Sannan ta juya wajen uwarta.

"Inna, yana sha?"